Rairayin da ke tsalle ƙasa da gwiwa shi ya cinye min hatsi

Bana na ƙudurta ba zan yi shuka sau biyu ba a gonarmu ta jigawa da ke gabas da Tawa. Tun bayan girbin bara na hana a sayar da karan hatsi, duk da tayin da masu kiwo suka yi ta kawowa. Na sa aka kwantar da shi layi-layi daga arewa zuwa kudu, tunda iskar hadari daga gabas take zo mana. Aikin ba wuya, tsadarsa kawai kuɗin karan da ka ƙi karɓa.

Cikin watan Mayu na ɗauki 'yan ƙwadago su yi sassabe, na ce su sare ƙaya su bar kara inda yake. Da la'asar na taso daga aiki na tarar sun share gefen gabas tas, sun tara karan sun cinna masa wuta, har da sabarar da ta fara tohowa. Babbansu ya tarye ni da fara'a: "Malam, ka ga mun gyara maka ita fes." Gefen gabas fa! Da gefen yamma suka share, da da sauƙi.

Ruwan shuka ya sauka a Yuni, muka shuka, hatsi ya fito gwanin sha'awa. Bai kai tsawon yatsa ba sai ga hadari, ina cikin gonar. Kowa ya san jar ƙurar nan da ke tasowa daga gabas kafin ruwa, kuma ita kowa ke ɗaga kai yana kallo. Amma ni a fuska ƙura ce kawai mai shiga ido, zafin a ƙwauri yake, kamar ana tsira min allurai. Na tsuguna na kare ido da rawani, sai na ga ƙasar gonar tana gudu. Ƙwayoyin rairayi na tashi, su yi ɗan nisa, su faɗo, su sake tashi, yawancinsu ba su kai gwiwata ba. Daidai tsawon hatsina ke nan. Ruwan ma yayyafi kawai aka yi. Washegari ganyen ya yayyage ya yi fari, wanda ke cikin rami kuwa rairayi ya binne shi, rana ta gasa rairayin, ya dafe a ciki.

Ɗan yayata da ya karanci noma a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya zo ya zaga gonar. Ya ce, "Kawu, ba iskar ce ta yanke shi ba, tsallen rairayi ne." Ƙwayar da ke wannan tsalle ba ta wuce rabin milimita ba. Ta yi wa iska nauyi ta tafi da ita sama, amma ba ta yi nauyin da za ta zauna ba. In ta faɗo sai ta buge wasu su tashi, su ma su buge wasu, manyan kuma ta tura su suna mirginawa. Wani sojan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya yi nazarin abin a hamadar Libiya ya fitar da sakamakonsa a 1941, ya ƙiyasta kusan kashi uku cikin huɗu na rairayin da iska ke kwasa da tsalle yake tafiya. Bugun nan ne ma ke ɓalle lallausar ƙasa ta zama ƙura, ita ce kuwa mai ɗauke da abincin shuka. Wai haka tsakuwa ke yi a ƙarƙashin ruwa in korama ta kawo.

Nan na gane girman ɓarnar da aka yi min. Tsallen yana son fili ya ɗauki gudu, kuma filin da aka share a bakin iska shi ya ba shi. Rairayin da ya taso daga can ya cika layukan kara na farko ya binne su, ya haye ta kansu, ya ci har cikin wurin da na rufe. Sai can tsakiyar gona karan ya iya da shi. A nan hatsi na tsaye kore shar, bayan kowane kara ga ɗan tudun rairayi mai laushi da ya tare. In na tsaya a tsakiya na dubi gabas, har yau raina ɓaci yake.

Wanda zai gwada, kada ya yi rowar kara. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an gwada an ga tan 2 na kara a hekta yana rage rairayin da ke gudu da kusan rabi, ɗan warwatsawa kuwa bai hana komai. In karanka bai isa gona duka ba, tara shi a gabas. Ka bar sabara da kalgo su yi cunkus daga ƙasa, sun fi dogon icen da gindinsa ke fayau, don rairayin ta ƙarƙashinsa yake wucewa. Ba raina itace nake ba. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa tun 1975 sun karya ƙarfin iska a gonaki masu yawa, amma wannan aikin shekaru ne, kuma na gari guda. Kara kuwa na hannunka ne, bana-bana. Ranar sassabe kuma ka tsaya da ƙafarka, don mai ƙwadago tun yana yaro aka koya masa gonar kirki ita ce sharariya, faɗa da baki bai isa ya canza masa ba.

Gefen gabas sai da na sayi iri a kasuwa, lokacin da tiya ta fi tsada, muka sake shuka. Ya fito, amma a makare, na tsakiya na fidda kai shi yana neman ƙugu. Sauran abin da zan yi fama da shi da rani dabbobi ne, don kara a kwance abinci ne a wurinsu. Na yi magana da makiyayin da ke sauka kusa da mu: zai kwana da shanunsa a gefen yamma su bar min taki, gabas kuwa zan shinge shi da ƙaya.