Talabijin 'yar Amurka da ta ƙi kama ko tasha ɗaya

Har yanzu in na tuna kuɗin eriya da na busta (na'urar ƙara wa sigina ƙarfi) da na zubar a banza, raina ɓaci yake. Talabijin ce ta hannu, inci 55, cikin kayan da ake saukewa daga kwantena. A shago an soka mata filashi, hoto tar, har gashin girar mutum kana iya ƙirgawa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan 'yar Amurka ce, ta fi sabuwa a kwali ƙarko." Bai yi ƙarya ba kan asalinta. Abin da asalin nan zai jawo ne bai faɗa ba.

Batun wuta da ma na san shi: tasu 120 ce, tamu 230, sai na haɗa da taransifoma mai rage wuta.

Na jona eriya, na sa ta nemo tashoshi, ta gama zagayenta ta rubuta sifili. Babu NTA, babu ARTV. Aka ce eriyar ce, na sake wata. Aka ce ta yi ƙasa, yaro ya hau rufi da doguwar gora. Aka ce sai da busta, na saya. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya koma injiniya, kuma kowace shawara aljihuna take taɓawa.

Mai gyaran da na kira daga baya ko rimot bai ɗauka ba. Juya ta ya yi, ya haska takardar da ke bayanta da fitilar waya, ya nuna min ATSC da NTSC. Ya ce, "Baba, ko eriyar nan ta kai tsawon hasumiyar masallaci ba za ta kama ba." ATSC shi ne tsarin dijital na Amurka, NTSC kuma tsohon tsarinsu na analog. Mu a Najeriya analog ɗinmu PAL ne, dijital ɗin da aka fara ƙaddamarwa a Jos a 2016 kuma DVB-T2 ne, wanda dikodar GOtv ke kamawa. Siginar tana shigowa lafiya ƙalau, talabijin ɗin ce ba ta iya karanta ta. Wato bustar nan ƙarfi take ƙara wa abin da ba a fahimta tun asali.

Na ce to, a bar eriya, a koma dish. Nan ma ba ta bar ni ba. Da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, hoto ya fito baƙi da fari yana gudu sama. Da HDMI allon ya yi baƙi ƙirin. Dikodar dish ɗin tana turo hoto a kan 50Hz, wato sau hamsin a daƙiƙa, ita kuma talabijin ɗin 60Hz ta sani. Abin haushi, ba ka ganin allo balle ka shiga saiti ka canza. Dole na ɗauki dikoda zuwa gidan maƙwabci, na jona a tasa, na mayar da ita 1080p a kan 60Hz, na dawo. Sai ga hoto.

Tana aiki yanzu, ba na musu. Amma in ana ƙwallo kyamara ta bi dogon bugu, akwai wata 'yar fizga da hoton ke yi, domin hoton 50 ake miƙewa ya cika 60. Yara ba sa lura. Ni kam idona a kai yake.

Wanda zai sayi ta hannu ya ce a juya masa bayanta kafin a kunna. Ya nemi PAL, da DVB-T2 mai lamba 2 ɗin nan, domin tsofaffin na Turai da yawa DVB-T kawai gare su. A wajen wuta ya duba 50/60Hz da 100–240V. Kar kuma ya yarda da gwajin filashi, kowace talabijin tana yin kyau da filashi. Ya ce a jona dikoda a gabansa, in mai shago ya fara kame-kame ya wuce shago na gaba. Eriyar da bustar suna nan a sito, duk mai so ya zo mu daidaita.