Harafi ɗaya a kan allon shagona

Talata, Bauchi.

Yau kwana tara da na kafa sabon allo a ƙofar shagona da ke wajen Wunti. Sai yau na san duk kwanakin nan jahilcina nake tallatawa, da jan fenti kuma.

Da hantsi wani dattijo ya zo a buga masa takardar neman haƙƙinsa na fansho. Tsohon malamin Turanci ne, irin waɗanda jan biro ba ya barin aljihun rigarsu. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, kayan naka ba sa motsi ne?"

Na ce, "Wane kaya, Baba?"

Ya ja ni waje, ya ɗaga sanda ya nuna allon: STATIONARY. Ya ce wannan mai A ɗin, abin da ke tsaye cik yake nufi, kamar tirelar da ta mutu a hanyar Jos. Su biro da littafi da ambulan kuwa stationery ne, da E. Wai in riƙa tuna envelope, da E ta fara. Har ya ƙara da cewa asalinsu ɗaya: a Ingila ta da, mai sayar da littattafai da ke zaune a rumfa, ba ya yawon talla, shi ake kira stationer.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ni da bakin zargin mai fenti, ni na buga rubutun na kai masa. Haushin kwamfutar nan na fi ji. Kullum sai ta ja mini jan layi a ƙarƙashin colour da centre, don an saita ta a kan Turancin Amurka, wanda Noah Webster ya daddatse wa haruffa a ƙamusunsa na 1828, alhali mu na Ingila aka koya mana. Amma ranar da nake buƙatarta sai ta yi gum, tunda duka biyun kalmomi ne na gaskiya.

Muna cikin haka yaron shagona, don ya nuna shi ma ya shiga aji, ya ce, "Baba, borrow me your biro." Baba ya miƙa masa, ya ce, "Lend me ake cewa. Mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa shi ke lend. Mu da aro ɗaya muke biyan buƙata, Bature sai da ya raba shi biyu." Na ɗan ji sanyi, aƙalla ba ni kaɗai aka yi wa gyara ba.

Ban karɓi kuɗin bugun takardar ba, duk da ya nace.

Da la'asar na kira mai fenti, ya ce gyaran naira 2,000, kuma sai Juma'a. Kafin magariba na hau benci na liƙa farar takarda mai E a kan A ɗin da salatif. Hadari na haɗuwa ta gabas, ban sani ba ko za ta kwana.