Zagayen da ya wuce ni a Leeds

Shekara shida na yi a Houston ta jihar Texas kafin aiki ya kai ni Leeds, a arewacin Ingila. Da zan taso ban tambayi kowa komai ba. Me zan tambaya? Turanci ne dai, Turawa ne dai, na ɗauka ɗaki kawai zan sauya a cikin gida ɗaya. Ashe baƙo ko da idonsa makaho ne.

Juma'ar farko, ƙarfe biyar na bugawa kowa ya rufe kwamfutarsa, sai na kusa da ni ya juyo ya ce mashaya za su leƙa, wadda suke kira pub, in taso. Na ce na gode, ni ba na shan giya. A Houston wannan amsar ke kashe magana. Can idan ka ce ba ka sha, ko dai su ɗauka mai addini ne kai, ko kuma giya ta taɓa wahalar da kai ka tuba, kuma duka biyun ba a tona su. Shi kuwa wannan kallona ya yi kamar na ce ba na shiga mota. Ya ce, "To sai me? Ai akwai lemo." Na yi murmushi na kama hanyar gida.

Wata uku ina haka. Sai na lura ranar Litinin ana dariyar abin da ban sani ba, ana kiran mutane da sunayen tsokana da ban ji lokacin da aka raɗa ba. Wani aiki da na sa wa rai aka ba wani, da na bincika aka ce ai tun ranar Juma'a aka yi zancen. Babu wanda ya cuce ni. Ni ne ba na zuwa inda ake zance.

Ba'amurke a cikin lif zai ba ka labarin mutuwar aurensa da ciwon bayansa, gobe ku haɗu ya manta sunanka. Baturen Ingila kuwa sai ku yi wata uku tebur na jikin tebur ba ka san ko yana da 'ya'ya ba. Ruwan sama, cunkoson hanya, ko za ka sha shayi, shi ke nan. Bakinsa ba ya buɗewa sai ya zauna a pub kofi na gabansa.

Ba wai Amurkawa ba sa sha ba ne, suna sha sosai. Amma giyarsu da 'yar kunya a jikinta. Ƙasar da ta taɓa haramta sayar da barasa baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933, har yau da sauran warin wannan zamani. Tun dokar 1984 sai ka kai shekara 21 kafin a sayar maka, alhali kana da 18 za ka iya shiga soja. A Texas kantunan barasa mai ƙarfi a rufe suke ranar Lahadi. Na sha ganin dattijo da furfura yana laluben lasisin tuƙi don mai kanti ya ce sai ya ga shekarunsa, ya karɓi kwalbar a naɗe cikin jakar takarda ya jefa bayan mota. Wanda ya sha a abincin rana ya dawo ofis, sai a fara ƙus-ƙus a kansa. Ga shi garin Houston ba ka zuwa ko'ina sai da mota, kofi ɗaya biyu kowa ya nemi makullinsa.

A nan shekara 18 ce, kuma ɗan 16 zai iya shan giya da abinci in babba ne ya saya masa yana zaune tare da shi. Kofin ma ya fi girma: abin da suke kira fayint mililita 568 ne a Ingila, na Amurka 473. Ranar da na fara shiga pub ɗin unguwarmu don ruwa ya tare ni, na zaci zan tarar da irin mashayar da muke ji a gida, duhu da kiɗa da 'yan iska. Kafet na tarar da wutar jin ɗumi, wani tsoho da jarida da karensa a ƙarƙashin kujera, iyali guda har da jariri suna cin gasasshen naman Lahadi. Teburin mai shayi ne kawai aka yi wa rufi. Nan ake majalisa, nan ake musun ƙwallo, nan ake zuwa bayan an binne mamaci. Ɗaya fuskar kuma ranar Asabar take fitowa a unguwar Headingley da ke nan Leeds, inda matasa ke bin titin Otley mashaya bayan mashaya cikin shigar ban dariya, kafin magariba wasu sun yi tatil suna amai a bakin kwata. Kuma ranar Litinin mutum da bakinsa zai ba da labarin yadda ya yi mankas har ya rasa takalmi, ana ƙyaƙyatawa, har da shugaban sashe.

Daga ƙarshe dai na bi su. Mu shida muka zauna. Ɗaya ya miƙe ya tambayi kowa abin da zai sha, ya je kanta ya biya, ya kawo, har da lemona. Kofuna suka ƙare, wani ya miƙe. Haka har sau uku, ni kuwa ina ta godiya, ina cewa a raina ashe mutanen nan akwai kyauta. A Houston kowa nasa yake biya, mai kawo abinci ma har tambaya take ko a raba takardar kuɗin. Can sai kofuna suka sake ƙarewa, teburin ya yi tsit. Wannan ya juya kofinsa, wancan ya duba waya. Babu wanda ya kalle ni, kuma yanzu na san rashin kallon shi ne kallon. Wata abokiyar aikinmu ta yi ajiyar zuciya ta ɗauki jakarta ta nufi kanta.

A hanyar tashar bas wani dattijo cikinmu, haifaffen yankin, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, zagayenka ne fa ya wuce ɗazu." Sannan na gane. Ba kyauta ba ce, adashi ne. Kowa yana zubi, kowa yana ɗauka, kuma wanda ya sha na mutane ya zame sai a yi shekaru ana tuna masa, ba a gabansa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na ci har sau huɗu.

To amma askin nan da kuɗina zan sayi giya biyar, in ɗauko da hannuna in ajiye gaban mutane. Tun muna makarantar allo muka san hadisin da ya haɗa mai sha da mai saye da mai ɗauka da mai shayarwa. Na sami wani malami bayan sallar Juma'a na faɗa masa. Bai ja zance ba. Ya ce, "Alhaji, zancen saye ma bai taso ba, zaman kansa nake jiye maka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Uwargida kuma ta ce ita ba ta ga abin wahala ba, in buɗe baki in gaya musu gaskiya mana, ai ba dodanni ba ne.

Tata na bi, rabi da rabi. Na ce musu addinina ya hana ni sayen giya ko da ba ni zan sha ba, saboda haka a cire ni daga zagaye, lemona ni zan saya, abin taɓawa kuma a bar mini. Na shirya wa doguwar muhawara, sai dattijon nan ya ce ya yi daidai, amma soyayyen dankalin a sa masa binega. Yanzu sau ɗaya a wata nake zuwa, in cika tsakiyar tebur da dankali da gyaɗa, in tashi kafin zagaye na uku, lokacin da muryoyi ke fara hawa. Sau biyu kuma na ja su garin Bradford wani gidan abincin 'yan Pakistan da ba a sayar da giya, suka ci suka yi gumi, suna fita suka nemi pub mafi kusa.

Maganar malam ba ta bar ni ba, ba zan ɓoye ba. Watan jiya ina zaune a can Hajiya ta kira daga Katsina. Na fita waje cikin yayyafi na ɗauka. Ta ce, "Kai kuma ina kake nake jin hayaniya haka?" Na ce muna majalisa ne da abokan aiki. Ta ce madalla, Allah ya bar zumunci, in gaishe su da kyau.

Na koma na isar da gaisuwa. Su biyar suka ɗaga kofunansu sama suka ce lafiyar Hajiya.