Rigimar devfs da udev, da abin da ta koya mini a wurin aiki

A Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kusan kowace na'ura tana da fayil a cikin /dev. Faifan ajiya na farko shi ne /dev/sda, kuma lambobi biyu da tsarin ke gane shi da su su ne babba 8, ƙarama 0. A da, tun wajen girka tsarin ake zuba dubban irin waɗannan fayiloli da wata 'yar manhaja mai suna MAKEDEV, ko na'urar tana jikin kwamfutar ko babu ita. Richard Gooch ya rubuta devfs domin kanel, wato zuciyar Linux da ke magana da na'urori, ya riƙa ƙirƙirar fayil da kansa duk lokacin da aka jona na'ura, kuma aka karɓe shi a shekarar 2000.

Sai Greg Kroah-Hartman ya fito da udev a 2003. Hujjarsa ita ce raɗa suna zaɓin mai kwamfuta ne, bai kamata a daskarar da shi cikin kanel ba. Kanel ya sanar cewa ga na'ura ta iso, ya baje bayananta a sysfs, wato inda yake nuna bayanan na'urori, sai wata manhaja a waje, wato udev, ta yanke sunan da za a ba ta da wanda zai iya taɓa ta. An sha cacar baki sosai. Ga devfs kuma da kurakuran da ke faruwa idan ayyuka biyu suka yi karo a lokaci guda, ga shi babu mai kula da shi yadda ya kamata. Aka cire shi a sigar kanel ta 2.6.18, a 2006.

Na ga amfanin hujjar Greg da idona. Muna da modem da wata na'urar awo a jikin saba ɗaya, wato babbar kwamfutar aiki, kuma duk sa'ad da wuta ta ɗauke ta dawo sai su yi musayar suna, wannan ya zama ttyUSB0, wancan ttyUSB1, manhajarmu ta kama aika wa modem tambayoyin awo. Layi ɗaya a /etc/udev/rules.d, inda ake rubuta wa udev ƙa'idoji, wanda ya ɗaure suna da lambar da masana'anta ta buga wa na'urar, ya kawo ƙarshen matsalar.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 2009, lokacin da devtmpfs na Kay Sievers ya shiga 2.6.32. Kanel ya koma ƙirƙirar fayilolin da kansa, wato kusan abin da aka kori devfs a kansa! Ashe tambayoyi biyu ne suka sarƙe aka riƙa yi musu faɗa ɗaya: wa zai ƙirƙiri fayil, wa kuma zai ba shi suna da izini. Ta farko ta kanel ce, ta biyu ta udev. Shi ya sa yanzu idan gardama ta yi zafi a taron injiniyoyinmu, nakan fara tambayar ko ra'ayin ake ƙi, ko yadda aka gina shi, ko dai rashin wanda zai riƙe shi bayan an gama.

A 2012 aka haɗe udev cikin systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka idan an kunna kwamfuta, mutanen Gentoo, wani nau'in Linux, suka ɓalle da nasu, eudev, sabuwar rigima ta tashi.