Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lissafin Kuɗin Magani

Masu bin wannan labari sun san yadda mota ta banke ni a hanyar Tawa zuwa Ƙonni, ta karya mini cinya. Yau zancen diyya ne.

Da na fara takawa da sanda, kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce a tattaro masa duk wata takarda. Uwargida ta jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin katifa: takardun likita, rasiɗin farmasi, hoton ƙashi, wasu duk sun sha mai. Ya baje su a tabarma, ya kasa kashi biyu.

"Kawu, wancan tulin fa?"

"Ɗana, wannan Allah ya ba da lada. Asurans ba ta san shi ba."

A bakinsa na fara jin dokar CIMA, wato dokar asurans (inshora), wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Kamfanin asurans na motar da ta buge ka shi zai biya kuɗin jinya, amma sai da takardar shaida. Kuma akwai iyaka: ba za a wuce ninki biyu na farashin asibitin gwamnati ba. Ni kuwa a asibitin kuɗi aka sa mini ƙarfe a Yamai, don ciwo bai bar mu jiran layi ba. Abin da ya haura, daga aljihuna.

Wannan na haƙura da shi. Wanda ya tsaya mini a rai daban ne. Mai ɗorin da ya fara ɗaure ƙafar ba ya ba da rasiɗi. Tumakin da muka sayar sun tafi a abinci da kuɗin mota. Ita kuma uwargida ta rufe sana'arta ta ƙosai, tana kwana a kan siminti, tana ɗaga ni tana kwantarwa. Kawu ya ce ba a biyan mai jinya sai naƙasa ta kai kashi 80 cikin 100. A ganina nan doka ta gaza, domin a garinmu dangi ne rabin asibiti.

Saura kuɗin cire ƙarfen, wanda sai likitan da aka naɗa ya duba ni a ƙiyasta. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.