Asabar a Beaune: shekarun cocin asibitin Hôtel-Dieu

Yau da safe na hau jirgin ƙasa daga Dijon zuwa Beaune, a gabashin Faransa, domin in ga ƙaramin cocin da ke cikin tsohon asibitin Hôtel-Dieu, in kuma tantance ko duk abin da ido ke gani a ciki ya kai shekarun da ake ba shi.

A kan takarda dai babu gardama. Nicolas Rolin, wazirin Philippe le Bon mai mulkin Burgundi, shi ya kafa asibitin tare da matarsa Guigone de Salins, kuma takardar kafawar tana ɗauke da ranar 4 ga Agusta, 1443, lokacin da yunwa da sojojin haya da suka koma fashi suka addabi talakawan yankin. An keɓe cocin don ibada ranar 31 ga Disamba, 1451, washegari aka kwantar da majinyaci na farko.

Cocin ba gini ne mai zaman kansa ba. Yana ƙarshen babban zauren majinyata mai tsawon mita 50 ko kusa da haka, yadda wanda ciwo ya hana shi tashi zai bi addu'a daga kan gadonsa. Na daɗe ina ɗaga kai ina kallon rufin katakon, wanda ya yi kama da jirgin ruwa a kife, da kawunan dodanni da aka sassaƙa suna haɗiye bakin kowace azara. A daɓen ƙasa kuwa akwai haruffan N da G, farkon sunayen Nicolas da Guigone, a sarƙe da juna, kuma a cikin cocin aka binne Guigone, wadda ta rasu a 1470.

Sai dai a nan ne lissafi yake rikicewa. An yi wa cocin ɓarna a zamanin juyin juya halin Faransa, sannan a shekarun 1870 masanin gine-gine Maurice Ouradou ya jagoranci babban gyara, saboda haka shingen katakon da ya raba coci da zaure, har da gadajen nan masu jajayen labule da kowa yake ɗaukar hotonsu, duk aikin ƙarni na 19 ne. Hatta rufin waje mai launuka, wanda garin yake tinƙaho da shi, an sake shi tsakanin 1902 da 1907. A ganina gyaran ya yi kyau, amma ya kamata baƙo ya san haka kafin ya ce ya ga ginin 1451.

Zanen Ranar Hisabi na Rogier van der Weyden, wanda a da yake bisa bagadi, yanzu yana wani ɗaki dabam. Masana suna sanya shi tsakanin 1443 da 1451, wato daga kafa asibitin zuwa keɓe cocin, alhali takarda mafi tsufa da ta ambace shi ita ce jerin kayan asibitin na 1501.