Kala ko baƙi-da-fari: hukuncin da ake yankewa tun a kan titi

Da yawa daga cikin masu ɗaukar hoton titi da kala suke ɗauka, in sun zauna gaban kwamfuta kuma, duk hoton da bai yi ba sai su mayar da shi baƙi-da-fari ko zai farfaɗo. Ba ya farfaɗowa. Hoton da ba shi da tsari, ko ka zare masa launi, rashin tsarin yana nan daram. A ganina tun kana kan titi ya kamata ka yanke hukunci, kafin yatsa ya taɓa maɓalli, domin abin da ido ke farauta a kala daban ne da abin da yake farauta a baƙi-da-fari. Hatta inda za ka tsaya ba ɗaya ba ne.

Ka fara da tambayar kanka: in aka cire launi daga wannan wurin, me zai mutu? Ga mace sanye da jar riga tana wucewa ta gaban koren bango. Duk ƙarfin hoton yana cikin karon ja da kore. Ka mayar da shi baƙi-da-fari, sai ka tarar rigar da bangon sun zama toka iri ɗaya, matar ta narke cikin bango, fuskarta da hannayenta kaɗai suka rage suna yawo. Dalili kuwa, baƙi-da-fari ba ruwansa da sunan launi, yawan hasken da abu ke mayarwa kawai ya sani, kuma jan yadi da koren fenti mai ɗan duhu sukan mayar da haske kusan daidai. A wani wurin kuma ga dattijo yana tsallaka titi, rana ta yi ƙasa, inuwarsa ta miƙe har bakin kwata. Bayansa akwai allon talla rawaya, jar mota, da shuɗiyar robar shara. Idon mai kallo zai fara sauka kan motar, ya koma kan allon, sai daga baya ya lura da mutumin. A nan launi ɓarna yake yi, kuma cire shi ne zai ba dattijon da inuwarsa fili.

Akwai lissafin da ke taimakawa wajen hango yadda launi zai koma toka. A ma'aunin da allunan kwamfuta da waya ke bi, kore ne ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin 100 na haske, ja kashi 21, shuɗi kashi 7 kacal. Shi ya sa shuɗi mai ƙarfi yake komawa duhu, rawaya kuwa, da yake haɗin ja da kore ne, yake komawa kusa da fari. Mai rawayar riga a gaban shuɗiyar ƙofa zai fita tas ko a kala ko a baƙi-da-fari. A kan titi ba wanda zai tsaya lissafi, don haka ka ƙanƙance idonka har komai ya dushe. Abin da ya rage shi ne gungu-gungun haske da duhu. In mutumin da kake so ya fita daban a wannan yanayin, baƙi-da-fari zai karɓe shi.

Haske ne ke da babban kaso a hukuncin. Ranar tsaka, mai kaifin inuwa, tana kashe launi: ja ya koɗe, sama ta yi fari-fari, fuskoki su yi ramukan duhu a ƙarƙashin gira. Amma ita ce ke yanka titi gida biyu, ɓangaren haske da ɓangaren inuwa, kuma wannan yankan shi ne jarin baƙi-da-fari. Ka nemi inda haske ya ratso tsakanin gine-gine biyu, ka auna hasken a kan wurin da rana ta buga, ka bar inuwa ta yi duhunta, ka jira wani ya shigo. Ranar da hadari ya rufe sama abin juyawa yake yi. Babu inuwa, babu ƙyalli, launuka sun cika sun kwanta, kuma baƙi-da-fari a irin wannan rana yakan fito toka shafe, ba gaba ba baya. Ranar kala ke nan, musamman bayan an ɗauke ruwa, lokacin da kwalta ke mayar da launin fitilu da laimomi. Hazo da ƙura kuma baƙi-da-fari suke so, domin suna jera abubuwa hawa-hawa, na kusa da duhu, na nesa da haske.

Kada wannan ya zama doka. Mai ɗaukar hoto Alex Webb, wanda ya koma kala a ƙarshen shekarun 1970 bayan aikinsa a Haiti da kan iyakar Amurka da Meksiko, a ƙarƙashin rana mai zafi ya yi suna. Yakan auna haske a kan wuraren da rana ta haska, inuwa ta zama baƙi ƙirin, launukan da suka rage su yi nauyi. Baƙar inuwar ce ke haɗiye tarkacen da da sun cika hoton.

Ra'ayin cewa baƙi-da-fari ne hoton manya, tarihi ne ya haife shi, kuma rabin tarihin na kayan aiki ne. Fim ɗin Kodachrome ya fito a 1935, amma na farko-farkon ƙarfinsa wajen 10 ne a ma'aunin saurin karɓar haske da muke kira ISO yanzu, ga tsada, ga shi sai an aika kamfani a wanke. Tri-X na baƙi-da-fari, wanda ya fito a ƙaramin fim a 1954, ya ninka shi sauri nesa ba kusa ba, kuma mutum na iya wanke shi a ɗakinsa. Mai son tsayar da mai tafiya a lungu marar haske ba shi da zaɓi sosai. A cikin manyan masu ɗaukar hoto, Henri Cartier-Bresson ya gina sunansa a baƙi-da-fari, duk da haka Saul Leiter yana ɗaukar titunan New York da kala tun shekarun 1950, Joel Meyerowitz ma ya fara a 1962, har ya riƙa yawo da kyamara biyu don ya gwada wuri ɗaya ta fuska biyu. Baje kolin William Eggleston na 1976 a gidan adana zane-zanen zamani na New York shi ake yawan kawowa a matsayin lokacin da aka buɗe wa kala ƙofa. Yau wannan takurar ta kau, saura zaɓi.

Yadda za ka saita kyamara ba wuya. Ka sa ta ajiye RAW (ɗanyen fayil da ba a sarrafa ba) da JPEG (hoton da kyamara ta riga ta sarrafa) tare, ka zaɓi salon baƙi-da-fari a cikin saitin hoto. In kyamararka marar madubi ce, duk abin da ka leƙa za ka gan shi ba launi, idonka ya koyi neman siffa da inuwa, alhali fayil ɗin RAW yana riƙe da launinsa cif. Kada ka firgita in manhajar gyaran hoto ta Lightroom ta buɗe maka shi da kala, haka take yi. Don masu tafiya a ƙasa, saurin shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara, 1/250 na daƙiƙa ya isa, 1/500 in akwai masu keke ko masu gudu, buɗewar gilashi f/8 domin na kusa da na nesa su fito, ISO kuma ka bar shi ya zaɓi kansa, ka yi masa iyaka a 3200 ko 6400. Abin lura ɗaya: jadawalin hasken da kyamara ke nuna maka daga JPEG yake fitowa. In tana kan baƙi-da-fari ba zai gaya maka ja ya ƙone ba, sai ka zo son hoton da kala ka ga jar rigar ta zama faci ɗaya, babu zare babu ninki. In akwai ja ko rawaya mai ƙarfi a cikin rana, rage haske da sulusin mataki ko biyu bisa uku (mataki ɗaya shi ne ninka haske ko rage shi rabi).

JPEG kaɗai ba ya jure gyara. Matakan haske 256 ne gare shi a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamara. Ka matsa wa sararin samaniyar JPEG lamba, sai ta tsattsage ta yi layi-layi.

Wajen mayarwa baƙi-da-fari, sauke ma'aunin cikar launi zuwa sifili shi ne mafi raunin hanya, domin ka bar wa manhaja hukuncin da naka ne. Yi amfani da sashen da ke ba kowane launi ma'auninsa, guda takwas ne a Lightroom. Matar nan mai jar riga za ta iya tsira a nan: ɗaga ja, sauke kore, ta rabu da bango. Wannan shi ne aikin da filtar gilashi ke yi wa masu fim, kowace tana haskaka launinta tana duhunta kishiyarsa. Rawaya tana cin kusan mataki ɗaya na haske, ruwan goro biyu, ja uku, kuma ja ce ke mayar da shuɗiyar sama kusan baƙa. Mai RAW ba ya buƙatarsu. Mai fim yana buƙata, haka mai kyamarar da ba ta ganin launi sam, irin Leica M Monochrom da ta fito a 2012.

Ma'auni biyu ne suka fi ɓata hoto. Na farko shuɗi. In ka sauke shi da yawa don sama ta yi duhu, farin zare zai bayyana a gefen gine-gine da wayoyin lantarki, saman kuma ta cika da tsaki-tsaki, domin rubu'in ɗigogin sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ne kaɗai ke karɓar shuɗi, rabi na kore ne, rubu'i na ja. Na biyu ruwan goro, inda fatar ɗan Adam take, fara ce ko baƙa. Ɗaga shi kaɗan yana fito da fuska. Ɗaga shi da yawa yana shafe ta ta koma kamar roba. A baƙar fata musamman, ƙyallin goshi da kunci da karan hanci ne ke zana fuskar, kuma in bayan mutum ya fi shi haske, kyamara za ta rage haske ta binne shi. Ka ƙara rabin mataki tun wajen ɗauka, sannan wajen gyara kada ka danne baƙi har ya cinye gefen fuskar da ke inuwa. Yawan ƙara kaifi tsakanin fari da baƙi yana burgewa a ƙaramin allon waya, amma matsakaitan tokar da ke tsakani su ne fata da yadi da bango.

Kala ta fi wuya, kuma gara a faɗi haka. Ban da lokaci da tsari, sai ka kula da duk launin da ya shigo gefen hoto. Launi biyu ko uku masu ƙarfi sun isa. Nemi bango tukuna, ka tsaya, ka jira wanda tufafinsa za su amsa masa ko su yi karo da shi. Ɗan ƙaramin ja a kusurwa ya isa ya sace hoto gaba ɗaya, kuma sau da yawa taku ɗaya zuwa hagu ne maganinsa. Daidaita fari, wato saitin ɗumi ko sanyin launin haske, ma kada ka bar wa kyamara, domin za ta wanke ɗumin hasken yamma da ka fito nema, kuma hotunan titi ɗaya za su fito kowanne da fuskarsa. Kafe shi a kan hasken rana, wajen 5500K a ma'aunin launin haske. Inuwa za ta ɗan yi shuɗi, yamma ta yi ja, yadda suke.

Dare ne wurin da aka fi gudu zuwa baƙi-da-fari, kuma akwai hujja. Kwan fitila mai ɗumi yana wajen 2700K zuwa 3200K, doguwar fitila takan ba da kore-kore, tsofaffin fitilun titi na sodiyam kuwa rawaya zalla suke zubawa. In duka suka haɗu a fuska ɗaya, babu saitin da zai gyara su tare. Ga kuma ISO mai yawa, wanda ke watsa ɗige-ɗigen kore da shunayya a cikin inuwa, abin da a baƙi-da-fari yake komawa tsaki mai kama da na fim. Sai dai kafin ka gudu, duba ko cakuɗar fitilun ita ce hoton. Mintuna ashirin zuwa talatin bayan faɗuwar rana, sama tana shuɗi, tagogin shaguna suna ruwan goro, hasken biyun sun kusa yin daidai. Wannan ɗan lokacin na kala ne, asara ce a zubar da shi.

Abu ɗaya da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne barin abu guda da launi a cikin hoto baƙi-da-fari, irin jar laima a tsakiyar toka. Dabarar ce mai kallo zai gani, mutumin da ke riƙe da laimar ya ɓace.

In hotuna za su fita a jere, goma ko goma sha biyu a kan batu ɗaya, ka tsayar da su a gefe guda. Hoto mai kala ɗaya a tsakiyar baƙi-da-fari yana sa na kusa da shi su zama kamar an rage musu wani abu. Mai son horar da ido kuma ya ba kowane ɓangare wata guda cur, ba tare da leƙa ɗayan ba, sannan ya buga goma mafi kyau daga kowanne a takarda, ya shimfiɗa su a tebur ƙarƙashin hasken taga, ya ware waɗanda launi ko rashinsa ne ya riƙe su daga waɗanda za su tsaya ko ta wace hanya.